Ƙafa Sama, Kai Ƙasa: Kimiyyar Sandunan Tsayuwa da Hannu, da Yadda Za a Haɗa Su a Karaye ko Rogo

Mai karatu, idan ka taso a ƙasar Hausa da wuya a ce ba ka taɓa gwada alkafura ba, ko ka kafa hannuwa a ƙasa ka jingina ƙafafu da bango kana ƙirga daƙiƙu. Wasu sun bar abin tun suna yara, wasu kuwa sun mai da shi sana'a. Dubi 'yan koroso, rawar nan da ta shahara ta hannun ƙungiyar rawa ta Jihar Kano, yadda suke lanƙwasa jiki suna ɗaukar juna bibbiyu. Dubi 'yan hoto masu cilla garma sama su cafe, da gardawa, da 'yan tauri. Nuna bajinta da jiki a gaban taro tsohuwar al'ada ce a wurinmu.

Yanzu kuma ga waya a hannun kowa. Matashi a Karaye ko Rogo zai ga bidiyon wata 'yar wasa daga Sin ko Habasha ta kife a kan wasu siraran sanduna biyu na ƙarfe, hannu ɗaya kan ɗan guntun katako, ɗayan a sake, kamar an dasa ta. Sai ya ce shi ma zai iya. Da yake ba shi da sandunan, sai ya jera bulo biyu, ko ya hau benci, ko kujerar roba. A nan ne hatsarin yake, domin wanda ya faɗo daga wannan tsayuwa kansa da wuyansa ne suka fi kusa da ƙasa.

Kayan da ake haɗa waɗannan sanduna da su duk suna wurin kafinta da mai walda na garinku. Abin da ya rage shi ne sanin dalilin kowane awo. Shi za mu duba yau.

Daga ina abin ya samo asali?

Tsayuwa da hannu a matsayin wasan kallo ta daɗe a duniya. A Sin an yi ta tun zamanin daular Han, kusan shekara 2000 da suka wuce. A Maroko akwai 'yan wasan da ake jingina wa Sidi Ahmed ou Moussa, masu hawa kan juna su yi hasumiya. Wasan da Turawa ke kira sarkus, inda ake tara masu irin wannan bajinta a fage ɗaya, ana danganta farkonsa da Philip Astley a Landan a 1768. A Afirka ma akwai ƙungiyoyin zamani, kamar Circus Ethiopia da aka kafa a Addis Ababa a 1991.

'Yan sarkus matafiya ne, yau suna wannan gari gobe suna wancan. Don haka kayan aikinsu dole ya zama mai kwancewa, a sa a jaka, a sake haɗawa cikin 'yan mintoci. Na tsayuwa da hannu kashi uku ne: allon gindi da ke kwance a ƙasa, sanduna biyu na ƙarfe da ke tsaye a kansa, da guntayen katako biyu a saman sandunan inda ake dafawa.

Me jiki ke yi idan ya kife?

Kowane abu yana da wani wuri da za ka ɗauka kamar a nan nauyinsa duka ya taru. Ana kiran sa cibiyar nauyi. A jikin babban mutum da ke tsaye tana can ciki, ƙasa da cibi kaɗan, a wajen kashi 55 cikin 100 na tsayinsa daga ƙasa. Ƙa'idar tsayuwa ɗaya ce: idan ka saki zare mai dutse daga cibiyar nauyi, dole ya sauka a cikin filin da ka tokara da shi. Da zarar ya fita, ka tafi.

Idan kana tsaye da ƙafa, filin ya kai tsawon tafin ƙafarka, wajen santimita 25. Idan ka kife, sai ya koma tsawon tafin hannu, wajen santimita 18 zuwa 19. Ga shi kuma cibiyar nauyin ta ƙara nisa da ƙasa, tunda tsawon hannuwa ya shiga lissafi. Fili ya ragu, nauyi ya hau sama. Duk wanda ya yi wasan langa ya san yadda raguwar matokara take sa mutum tangaɗi.

To ta yaya suke tsayawa cak? Gaskiyar magana ba cak suke ba. Kullum jikin yana cikin faɗuwa kaɗan, ana tare shi. Masu bincike a Jami'ar Loughborough ta Ingila, David Kerwin da Grant Trewartha, sun auna 'yan wasan motsa jiki a wani aiki da suka wallafa a 2001, suka ga cewa wuyan hannu ne ke yin mafi yawan aikin gyaran, kafaɗa da ƙugu suna taimakawa. Idan jiki ya rinjaya wajen baya, sai mutum ya danna 'yan yatsu. Idan ya rinjaya wajen ciki, sai ya sassauta su ya mai da nauyi gindin tafin hannu. Tsakanin jin rinjayar da mayar da martani akwai jinkiri na kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa.

Riƙe wannan, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Ɗan wasa yana karanta matsin da ke tafin hannunsa ne, yana ba da amsa da danna katako. Idan katakon yana motsi, saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya gurɓata, amsar ma ta makara. Kamar ka taka matakalar da ka zaci a kafe take, sai ta goce. Babban aikin wannan kaya shi ne kada ya yi motsin da mai shi bai sa shi ba. Ƙwararru suna son sanda mai ɗan laushi, amma laushin da suka sani ne, iri ɗaya kullum. Girgiɗin sakakken noti daban ne, ba ya faɗa maka ranar da zai zo.

Guntun katakon da ake dafawa

Me ya sa ba a dafa ƙasa kawai? Idan ka kafa tafin hannu a ƙasa ka kife, wuyan hannu yana lanƙwashewa baya har digiri 90, alhali yawancin mutane iyakar abin da suke iya kaiwa da kansu wajen digiri 70 ne. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a wuyan hannu, su ke ɗaukar wannan matsi. A kan guntun katako kuwa yatsu suna zagaye baki su riƙe, mutum ya samu abin damƙa, yana iya matsawa ta kowane ɓangare.

Awon da aka saba shi ne faɗi santimita 9 zuwa 10, tsawo 13 zuwa 14, kauri wajen 4. Mafi kyau dai mai wasan ya ɗora hannunsa a auna, gindin tafi ya zauna sosai, gaɓoɓin ƙarshe na yatsu su sauka a baki. A goge kusurwoyi da samfefa har su yi kumbo, don kaifi yana sa hannu ya saki.

A nemi ice mai tauri wanda ya bushe sarai, irin maɗaci ko ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita. Farin katako mai laushi yana tsagewa a wurin da noti ya ratsa. Kada a shafa fenti mai sheƙi. Katako tsirara yana shan gumi ya ba da kamu, mai sheƙi kuwa santsi yake yi da zarar hannu ya jiƙe. Akwai kuma dalilin da ya sa ba a yin madafin da ƙarfe: a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a ƙasar Kano, ƙarfen da ya sha rana ba ya dafuwa.

Sanda: tsawo da kauri

Mutane da yawa suna zaton nauyin mutum ne ke karya sanda. Ƙarfe mai kaurin ɗan yatsa yana iya ɗaukar nauyin mutum da yawa idan nauyin ya sauka a miƙe. Abin da ke kayar da shi turin gefe ne, wanda ke faruwa lokacin hawa, da sauka, da komawa hannu ɗaya.

Ka tuna yadda bakanike yake ƙara wa sifana bututu idan noti ya ƙi kwancewa. Ƙarfinsa bai ƙaru ba, tsawon hannun ne ya ninka murɗar. Haka sanda take. Duk turin da aka yi a samanta, gindinta yana jin sa ninkin tsawonta.

Bari mu yi lissafi. A ce sandar santimita 50 ce, an tura samanta gefe da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 10. Ƙarfen gama-gari yana da iyakar da idan an wuce ta zai lanƙwashe ba zai dawo ba. Ga yadda wannan turi yake cin iyakar:

Ƙarfe mai kaurin milimita 12: ya wuce iyakar, zai tanƙware.
Mai milimita 16: wajen rabin iyakar.
Mai milimita 20: wajen kwata.

Ka ga ƙarin milimita 4 kacal ya raba mai tanƙwarewa da mai tsira. Dalili shi ne juriyar ƙarfe ga lanƙwasa tana tafiya da kaurinsa sau kansa sau kansa.

Tsawo ma haka yake, ta ɗaya ɓangaren. Idan ka ninka tsawon sanda biyu, lilon da samanta zai yi da turi iri ɗaya zai ninka sau 8. Shi ya sa sandar da ta yi daidai a santimita 30 take zama kamar karan dawa a santimita 60. Wanda ke son ƙarin tsawo sai ya ƙara kauri tare.

Ga mai farawa, santimita 20 zuwa 30 ya isa. Ga wanda hannunsa ya faɗa, 40 zuwa 50, da ƙarfe mai sulɓi na milimita 20. Rodin gini bai dace ba, saboda ƙurajen jikinsa ba sa barin sa ya zauna daram a cikin mazauni. Bututun ruwa na ƙarfe mai kauri, na inci uku bisa huɗu, shi ma yana yi, domin a nauyi ɗaya bututu ya fi curarren ƙarfe ƙin lanƙwasa. Sai dai a gaya wa mai walda: farin rufin da ke jikin irin wannan bututu yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi idan wuta ta taɓa shi. A kankare rufin a wurin da za a yi waldar, a yi aikin a sarari.

Mahaɗa, inda ake yawan samun matsala

Da ba a bukatar ɗaukar kayan, da sai a yi walda a haɗe komai a huta. Amma kai kana son ka ɗaure shi a bayan babur daga Rogo zuwa Karaye ranar biki, ko ka sa shi a motar kasuwa. Dole ya kwance. Wurin kwancewar kuwa shi ne gindin sanda, daidai inda muka ce murɗa ta fi yawa.

Hanyar da ta fi zuwa wa mutane a rai ita ce a yanka wa gindin sandar tiredi, wato zanen nan da noti ke bi, a murɗa ta cikin noti. Matsalar ita ce tiredi yana cin jikin ƙarfe. Ƙarfe mai milimita 16, idan aka yanka masa tiredin da aka saba, abin da ya rage a tsakiya wajen milimita 13 da rabi ne. Juriyarsa ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A lissafinmu na ɗazu, wanda ke rabin iyaka ya koma sama da kashi 80 cikin 100 nata. Ƙari a kan haka, kwarin tiredi kamar tsaga ce da aka fara. Ka san yadda ake karya waya: lanƙwasa nan, lanƙwasa can, har ta gaji ta rabu. Ƙarfe ma yana gajiya, kuma daga irin wannan kwari tsagewar ke farawa, a hankali, ba a gani.

Hanyar da ta fi aminci ita ce mazauni. A samu farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, faɗin santimita 10 kowane gefe. A yi wa guntun bututu mai kauri walda a tsakiyarsa, a tsaye, tsawon santimita 6 zuwa 7, a zagaye shi da walda gaba ɗaya. Sandar ta shiga ciki da jikinta cikakke, a ɗaure ta da noti biyu ta gefe, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

A kula da sarari tsakanin sanda da mazauni. Idan akwai ratar milimita 1 a mazauni mai zurfin santimita 5, saman sanda mai santimita 50 zai yi girgiɗin kusan santimita 1. Ga wanda duk filin gyaransa bai kai tsawon tafin hannu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka a sayi sandar da bututun tare, a gwada su a wurin, ko a Ƙofar Ruwa a Kano ne ko a shagon mai walda na gari. Can sama kuma, a yi wa sandar ƙaramin faranti da walda, a ɗaure katakon dafawa a kansa da noti huɗu, a nutsar da kawunansu cikin katakon don kada su taɓa hannu.

Allon gindi

Aikin allo shi ne hana kayan duka kifewa. Ƙa'idar ɗazu ce ta dawo. Idan mutum mai kilo 60 yana sama, ya yi turin gefe na kilo 10 a kan sanda mai santimita 50, wurin da nauyin ke sauka a ƙasa yana gocewa da wajen santimita 8. Idan sandar mita ɗaya ce, gocewar ta kusa santimita 17. Dole allon ya wuce nan da rata mai kyau ta kowane gefe.

Ga sanduna masu santimita 50 ko ƙasa da haka, allo mai tsawon santimita 60 zuwa 70 da faɗin 40 zuwa 45 ya wadatar. Tazarar sandunan biyu ita ce faɗin kafaɗun mai wasan, galibi santimita 30 zuwa 35 daga tsakiya zuwa tsakiya. A bar aƙalla santimita 15 daga kowace sanda zuwa bakin allo, saboda ranar da za a koma hannu ɗaya nauyin duka a kan sanda ɗaya zai sauka.

Filawud ya fi falankin katako a nan, domin an jera ɓawonsa ne a gicciye, ba ya saurin tsagewa ko kangarewa. A manna biyu masu milimita 18 su zama ɗaya. Siririn allo yana lotsawa a ƙarƙashin faranti, sai sandar ta yi lilo ko da ita kanta lafiyayya ce. Kada a yi amfani da ƙusa. Noti ne zai ratsa allon ya fita ta ƙasa, da washa mai faɗi. Idan an haɗa komai, nauyin bai kai kilo 10 ba: allon wajen kilo 5, kowace sanda mai santimita 40 wajen kilo 1, sauran faranti da katako.

Sai maganar ƙasa. Tukunya ba ta girgiɗi a kan duwatsun murhu uku, ko da ƙasar ba ta daidaita ba. Mai ƙafa huɗu kuwa sai ƙasa ta yi lebur. Amma ƙafa uku tana mai da filin tokara ya zama mai kusurwa uku, ya ragu. Don haka a manna robar tsohuwar taya a kusurwoyi huɗu, a nemi daɓe ko siminti mai kyau, a danna kowace kusurwa a ji kafin a hau. Kada a ɗora allon a kan yashi ko katifa. Su wurinsu kewayen allon ne, inda mutum zai faɗa.

Hunturu da damina

Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Kayan da aka ɗaure tam a watan Agusta, idan iskar hunturu ta busa a Disamba da Janairu katakon zai ja jiki, notin ya saki. Ba laifin kafinta ba ne, halin ice ne. Sifana ta zauna a cikin jakar kayan, a bi kowane noti kafin kowane wasa. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba, musamman a cikin mazauni inda ruwa ke kwanciya. A ajiye kayan a kwance daban-daban, nesa da ƙasa saboda gara.

Gwaji kafin hawa

Kada jikin mutum ya zama abin gwaji na farko. Buhun siminti kilo 50 ne. A gicciya katako mai ƙarfi a kan madafan biyu, a ɗora buhu biyu, a tsaya daga gefe a tura kaɗan gaba da baya, a saurara. Ƙara, ko ƙyas-ƙyas, ko motsi a gindi, duk alama ce. Bayan an sauke, a duba ko sandar ta dawo a miƙe, a duba bakin walda da kyau. Siririn layi mai tsatsa a gefen walda tsaga ce. Sandar da ta taɓa tanƙwarewa kada a miƙe ta da guduma a ci gaba, a canza ta.

Jikin ma yana da nasa sharuɗɗa. Sai wanda ya iya tsayuwa a ƙasa ba bango na rabin minti ko fiye, kuma ya iya saukowa ta gefe idan ya rinjaya, shi zai hau katako. A fara da guntayen katakon a ƙasa ba sanda, sannan gajerun sanduna, da wani a tsaye kusa da ƙugunsa. Yaran da ba su gama girma ba a rage musu yawan atisaye, domin akwai wurin tsiron ƙashi kusa da wuyan hannu wanda yawan matsi ke lalatawa, kuma likitoci sun san wannan ciwo a wurin yara 'yan wasan motsa jiki. Ciwon wuyan hannu da ya ƙi tafiya na asibiti ne. Kifewa tana ƙara matsin ruwan cikin ido, don haka mai hawan jinin ido ko hawan jini ya ji ta bakin likita tukuna. Idan kuwa wani ya faɗi a kan wuyansa, kada a ja shi, kada a miƙar da shi zaune, kada a murɗa wuyan da sunan gyara. A riƙe kansa yadda yake, a ɗauke shi a kan abu mai tauri zuwa asibiti.

Idan za ka je wurin mai walda gobe, tafi da awonka a rubuce: faɗin kafaɗarka, girman tafin hannunka, tsawon sanda da kaurinta. Ka ce masa, "Malam, mazauni nake so, ba tiredi ba, kuma kada a bar rata." Idan ya ce ai rodi mai milimita 12 ma ya isa tunda ba ka da nauyi, sai ka tuna masa da sifana da bututu. Zai gane, don aikinsa ne kullum.

Allah ya tsare.